Neman Abin da Zai Ja Akurkin Kaji a Gonar Kunya

Akurkin da nake nufi ba irin na bayan ɗaki ba ne, wanda mata ke ginawa da laka su toshe bakinsa da fasasshen kasko. Wannan ɗaki ne na ƙarfe da waya da kwano a kan tayoyi biyu, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 2, kaji masu ƙwai 150 ne ke kwana a ciki. Ƙasansa waya ce mai kauri, kashi na zuba kai-tsaye a gona. Da safe a buɗe ƙofa su sauko su yi kiwo a cikin shingen raga, da magariba su hau da kansu. Bayan kwana biyu ko uku, idan sun cinye ciyawar wurin sun baza taki, sai a matsar da ɗakin gaba kamar taku talatin zuwa arba'in. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taso a ƙauye. Abin da iyayenmu ke yi ke nan idan suka sauki Fulani a gona bayan girbi: shanu su ci kara su bar taki, ana matsar da garke daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai dai garke da ƙafarsa yake tafiya, akurki kuwa sai an ja shi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Gonata tana yammacin Zariya, ba nisa da Shika. Kajin ma Shika Brown ne, irin da NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar. Gonar gado ce da aka shekara da shekaru ana huɗa a cikinta, don haka ko ɓangaren da na bari ya huta saboda kaji, kunya-kunya ne, santimita 75 tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kamar yadda ake yi wa masara. Ta sama jar ƙasa ce da marmara, akwai suri nan da can, da kututturan da ciyawa ke ɓoyewa. Daga tsakiya ƙasa ta fara gangarawa zuwa fadama, kuma ruwa ya yanka wani ɗan kwazazzabo a gefen kudu. Da rani ƙasar tauri gare ta, ko fartanya ba ta shigarta. A watan Agusta kuwa, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a wannan yanki da ke samun kusan milimita 1,000 a shekara, ƙafar mutum ma nutsewa take yi a wasu wurare.

Bidiyoyin da na kalla a YouTube kafin in ƙera akurkin yawancinsu daga Amurka da Ingila ne, inda ake ɗaura shi a bayan babur mai taya huɗu a ja shi a kan shimfiɗaɗɗiyar makiyaya. Wannan babur tun a tashin farko na cire shi daga lissafi. Ba a cika samunsa a nan ba, kayan gyaransa sai an aika kudu ko waje, kuma bai da nauyin da zai riƙe kaya mai nauyin tan ɗaya a gangare.

Abu na farko da na yi shi ne sanin nauyin abin da za a ja. Ni da mai waldan da ya ƙera shi muka zauna muka lissafa ƙarfen da ya shiga, da kwano, da katakon da kaji ke hawa, da akwatunan ƙwai, da aksul ɗin tsohuwar a-kori-kura da muka sayo a Panteka ta Kaduna. Ya tasam ma kilo 600. Kaza mai ƙwai irin wannan tana kusan kilo 2, ka ga kajin kaɗai sun kusa kilo 300. Ga abinci, wanda kowace ke cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, ga ruwa wanda suke shan ninkin abincin, fiye ma da haka a bazara. Idan aka haɗa duka, tan ɗaya ne ba kaɗan.

Amma nauyin kaya daban, ƙarfin da ake bukata a ja shi daban. Don in san wannan na aro sikelin rataye na kilo 300, irin wanda masu sayen waken soya ke ɗaurawa a reshen bishiya ranar kasuwa. Muka ɗaura ƙugiyarsa ɗaya a hancin akurkin, ɗayar a sarƙa, samari suka ja, ni ina tafiya a gefe ina kallon allura. A busasshiyar ƙasa mai tauri, idan aka bi kwarin kunya, allurar na yawo a wajen kilo 100. Da muka juya muka fuskanci hawa sai ta kusa 200, domin gangaren da ke ɗagawa mita ɗaya a cikin kowace mita goma yana ƙara kashi ɗaya cikin goma na nauyin kayan. Washegarin wani ruwa mai ƙarfi muka sake gwadawa, ta wuce 250 a wurin da babu hawa ko kaɗan. Da muka ce bari mu tsallaka kunya a gicciye, sai allurar ta buga ƙarshe, akurkin ya yi tsalle ya dire, akwatunan ƙwai suka yi ƙara. Da kaji na ciki, da sun zubo daga kan katako sun danne juna a kusurwa.

Wannan gwaji shi ya canza mini tambayar gaba ɗaya. Kowa na tambayata doki nawa injin zai kasance, alhali ƙarfin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Abin da ake nema shi ne abin da zai iya tafiya a hankali fiye da tafiyar mutum ba tare da fizga ba, wanda tayarsa za ta kama ƙasa maimakon ta riƙa juyawa a wuri ɗaya, wanda kuma zan same shi a gona da asuba duk ranar da nake so. Maganar asubar tana da muhimmanci. Kaza wuri take ganewa, ba ɗaki ba. Idan ka ja akurki da rana suna waje, da magariba za ka tarar da wasu sun taru a tsohon wurin sun kwanta a fili, abincin muzuru da tunku. Dole a matsar da su suna ciki, kafin a buɗe ƙofa, kafin kuma su fara shiga akwatin ƙwai da hantsi.

Hilux mai jan taya huɗu ita ce kowa ya fara ambata mini. Wani abokina ya kawo tasa da rani, ya sa ta a ƙaramar giya, ta ja akurkin kamar babu komai a bayanta. Ba ni da abin da zan ce da aikinta. Amma kuɗin ko tsohuwarta ya ninka kuɗin akurkin da kajin da shingen sau da yawa, kuma tun daga 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta tsaya nan ba kuma. Kaji 150 ba za su ciyar da mota ba. A-kori-kura mai jan tayar baya kaɗai kuwa, bayanta ba nauyi idan babu kaya, ciyawa mai raɓa ma tana sa ta santsi.

Kurkura, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, ita ce na fi sa rai a kanta, domin da ita muke kwaso abincin kaji daga gari, kuma kowane bakaniken babur ya san cikinta. Na yi magana da yaron da ke kawo mana kaya, ya zo da sassafe muka ɗaura. A kan marmara ta ja, sai dai ko a giya ta ɗaya gudunta ya yi wa kaji yawa, dole ya riƙa wasa da kuloci, yana saki yana kamawa. Kafin mu yi rabin tafiyar warin kulocin ya cika wurin. Da muka iso inda ƙasa ke da danshi, tayar baya ta dama ta hau kunya, ta hagu ta yi sauƙi ta kama juyawa tana watso laka, ta daman kuma ta tsaya cik. Haka aksul ɗin baya yake aiki: ƙarfi na gudu zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa. Muka jibga buhunan yashi a bodin don tayoyin su danne ƙasa. Sun danne, amma sai tayar gaba ta yi sauƙi, sitiyarin ya daina jin magana, ga ta kuma tana bin tsakiya inda ba sawun tayoyin baya ba.

Yaron ya sauko ya share zufa ya ce, "Oga, gaskiya zan faɗa maka. Da rani zan iya yi maka, amma kowane wata sai ka sayi kuloci. Da damina kuwa kada ma ka kira ni."

Na gode masa, domin ya huce mini asarar sayenta.

Babbar tarakta irin Massey Ferguson 375, wadda ita ce ta cika gonakin Arewa, ba a maganar ƙarfinta: doki 75, ga makullin da ke sa tayoyin baya su juya tare idan ɗaya ta fara zamewa, ga ƙaramar giya mai tafiyar hawainiya. Saye dai ba na ciki. Haya kuma, babu direban da zai baro aikin haro na kadada da yawa ya zo ya ja mini akurki taku arba'in sau biyu ko uku a mako, musamman a farkon damina da ake layi a kansa. Nauyinta ya haura tan biyu, idan ta shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa sawun da za ta bari sai ya daskare, saiwar masarar baɗi ta sha wahala a wurin. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan damuna. Taraktar haya gona-gona take bi, wasu gonakin an zuba musu ɗanyen kashin kaji daga gidajen gonar da ban san lafiyar kajinsu ba. Mu a jihar Kaduna ba mu manta ba cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta farko da aka tabbatar a Afirka, a farkon 2006, a wata gonar kaji ce a Jaji, kusa da mu. Taya da takalmi na cikin hanyoyin da cuta ke bi daga wannan gona zuwa waccan. Abin da zai riƙa shiga tsakiyar kajina kullum, na fi so ya zama a gonar yake kwana.

Daga nan na tafi wurin baffana, wanda ya fi shekara arba'in yana huɗa da shanu. Yana da bijimai biyu farare, Bunaji, kowanne ya haura kilo 300. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka sha wahalar neman abin da ke ɗaure a ƙofar gidanku. Gobe in Allah ya kai mu zan zo."

Ya zo bayan sallar asuba da karkiya da sarƙa. Bai ɗaura nan da nan ba. Sai da ya zagaya da su suka shinshina ɗakin, suka ji motsin kajin a ciki, sannan ya ja su baya a hankali ya maƙala sarƙar. Ya tsaya a gabansu, ya kira sunan na dama da murya ƙasa-ƙasa. Suka sunkuyar da kai, sarƙa ta miƙe, tayoyin suka fara juyawa ba tare da na ji ko ƙarar kwano ba. Na leƙa ta waya, kajin na zaune a kan katako, wasu ko ido ba su buɗe ba. A wurin danshin da kurkura ta kafe, kofatonsu ya nutse ya fito, suka wuce. Masana aikin dabbobi na cewa sa na iya jan kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa na tsawon sa'o'i, amma a ɗan gajeren ja yana ba da ninkin haka da yawa, kuma aikina gajere ne. A duk abin da na gwada, kafin wannan rana da bayanta, babu wanda ya ja akurkin da laushi irin na waɗannan shanu.

Na ce, "Baffa, ashe shanu zan saya."

Ya yi shiru, ya kwance sarƙar, sannan ya ce, "In ka saya, a ina za su kwana?"

Ba sai ya ƙara ba. Duk wanda ke zaune tsakanin Giwa da Birnin Gwari zuwa kudancin Katsina ya san abin da satar shanu ta yi wa manoma a shekarun nan. Shi kansa Baffa a cikin gari yake kwana da nasa, a tsakar gida, kuma gonata akwai tazara. Ajiye bijimai biyu a daji kiran ɓarayi ne, kuma ba shanun kaɗai za su sa a haɗari ba, har da yaron da ke kwana da kajin. Ya ƙara da cewa shanu ba sa jiran ranar aiki kafin su ci. Harawa da dusa da kulawa kullum ne, ko an ja akurki ko ba a ja ba. Nasa kuma daga saukar ruwa har a gama huɗa ba su da hutun safiya. Akwai matsalar gangare ma: sarƙa ja kawai take yi, ba ta tare kaya, don haka sai an yi wa akurkin doguwar sanda irin ta amalanke da birki, in ba haka ba zai bi su ya buge musu ƙafa. Na bar maganar shanu ba don sun gaza ba, kuma har yau ina jin zafin hakan. Inda akwai zaman lafiya da wurin ɗaure su kusa, ban ga abin da zai sa mai akurki irin nawa ya nemi inji ba.

A hanyar Kano, wajen Kura da Kadawa inda ake noman shinkafa da ruwan madatsar Tiga, na sha ganin ƙaramar tarakta mai taya biyu, fawa-tila, tana kwaɓa laka, wani lokaci kuma an ɗaura mata tirela cike da buhunan shanshera. Na tsaya na yi hira da masu ita. Abin da ya ja hankalina shi ne injin: dizal ne mai silinda ɗaya ƙirar Sin, doki 12 zuwa 15, ɗan'uwan wanda ke juya injin niƙa a ƙauyukanmu. Wato bakaniken da ke gyara injin niƙa a garinmu ya san shi ciki da bai, kayansa kuma ana samu a Kano da Zariya. Giyarta shida gaba, biyu baya, ta ɗayan kuma ba ta kai kilomita biyu a awa ba. Mutum na tafiya a bayanta yana rage sauri don kada ya taka ta. Abin da nake nema ke nan.

Ta hannu na saya, daga wani manomi da ya koma amfani da babba. Na tafi da bakaniken namu, kuma shi ya sa sharaɗin cewa kada a tayar da ita kafin mu iso. Ya dafa kan injin ya tabbatar da sanyi. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, yana duba ko ya yi fari-fari, alamar ruwa na shiga. Ya leƙa tukunyar ruwan da ke saman injin, domin irin wannan ba ta da lagireto, ruwan tafasa yake yi ya ƙone a ƙara wani. Sannan ya danne ƙarfen da ke sakin iska, ya wana hannu har ƙafar injin ta ɗauki gudu, ya saki. Ta kama a bugun farko, ta yi baƙin hayaƙi ta washe.

Ya ce da ni, "Malam, baƙi a farko ba komai. Shuɗi ne ba na so, shi ke nuna tana shan baƙin mai. Fari kuma in ya ƙi ɗaukewa, a bar musu kayarsu."

Ya sa aka ɗaure ta a kututture ya saka giya don ya ga ko bel zai zame, ya matsa hannayen juyawa na dama da hagu yana sauraron yadda haƙoran ke shiga da fita. Ya sami yoyon mai a gindin taya ɗaya, da bel guda da ya tsattsage. Da waɗannan muka nemi ragi, aka yi mana.

Kawo ta gona bai gama aikin ba, sai da aka sake taɓa akurkin kansa, kuma a ganina rabin nasarar a nan take. Fawa-tila ba ta da nauyi sosai, 'yan ɗaruruwan kilo ce, ƙarfin kama ƙasarta kuma daga nauyin da ke kan tayoyinta yake zuwa. Mai walda ya matsar da aksul ɗin akurkin baya kaɗan da tsakiya, yadda kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin, ko fiye kaɗan, zai sauka a kan maɗaurin ya danne tayoyin injin. Ya yi maɗaurin a ƙasa-ƙasa, domin ja daga sama da aksul shi ke ɗaga gaban tarakta, babba ko ƙarama, har ta kifa da direba. Ya kuma yi shi mai juyawa, don idan tayar akurki ɗaya ta hau suri kada ta murɗe injin ta fizge hannun mai tuƙi.

Sai maganar faɗin tayoyi, wadda sai da muka zana a ƙasa da kara kafin mu gane. Tayoyin akurkin santimita 150 ne tsakaninsu, daidai kunya biyu, abin da ya dace da Hilux da shanu. Fawa-tila kuwa tsakanin tayoyinta kusan kunya ɗaya ne: tana hawa kan kunya guda, tayoyinta a kwari biyu na gefe. Idan ta yi haka, tayoyin akurkin a kan tudun kunya suke faɗawa, yana tangal-tangal. Mafita ita ce faɗin ya zama kunya uku, santimita 225. Ya yanka aksul ɗin ya ƙara masa bututu mai kauri, tayoyin suka fito waje da jikin ɗakin. Yanzu duk tayoyin huɗu a kwari suke tafiya, kuma faɗin ya sa akurkin ya daina karkata idan ana bin gefen gangare. Muka sa masa tayoyi masu faɗi, muka rage musu iska kaɗan don kada su nutse. A ƙarshen gona, inda dole a juya, na sa aka baje kunya aka yi fili, aka kuma tumɓuke kututturan da ke kan hanya aka kafa sanda a duk inda aka kasa.

Abu ɗaya game da wannan inji ya kamata duk mai niyyar saye ya ji shi tun kafin ya kama hannunta. Ba sitiyari gare ta ba. Idan ka matsa hannun hagu, ƙarfi ne ke yankewa daga tayar hagu, ta dama ta ci gaba da turawa, sai ta juya hagu. A fili haka ne. A gangare, da tan ɗaya na turo ka daga baya, tayar da ka saka ita ke kwasa da gudu, sai injin ya juya ɓangaren da ba ka nufa ba. Manoman Kura sun gargaɗe ni da wannan, na kuma gwada da akurkin babu kaji na ga haka ne. Saboda haka a gangare ba ma taɓa waɗannan hannaye, da ƙarfin damtse ake karkata ta, ba ma cire giya, ba ma canza ta a tsakiyar hanya. Birkin da ke jikin tsohon aksul ɗin mai walda ya farfaɗo da shi ya ja masa waya zuwa gaba, mutum ɗaya na tafiya a gefe yana riƙe da shi, da guntun katako a hannu don tare taya. Wajen tayarwa kuma, babban yatsa ba ya zagaye hannun wanawa, gefe ɗaya yake zama da sauran yatsu, saboda idan injin ya mayar da bugu yana iya karya shi.

Ƙararta ita ce aibinta babba. A farko kajin sun firgita, ƙwai ya ɗan ragu na 'yan kwanaki. Muka riƙa tayar da ita nesa da su, a bar ta ta yi zafi ta daidaita, sannan a matso a hankali a maƙala, bututun hayaƙin kuma aka lanƙwasa shi ya kalli gefe. Sun saba. Ba za ta taɓa kai shanun Baffa laushi ba, amma a giya ta ɗaya, idan aka saki kuloci sannu-sannu, ruwan da ya rage a mazubi ma ba ya zuba.

Yadda muke yi yanzu, tun da yamma ake kwashe ƙwai, a bar durom ɗin ruwa ya kusa ƙarewa don kada a ja nauyin banza mai tangaɗi. Da asuba yaro ya naɗe raga, a ɗaga ƙafar da ke tallafe hancin akurkin, a zura ƙusar maɗauri a sa mata makari. Ni ko shi ɗaya ya kama inji, ɗaya birki. Tafiyar ba ta kai kwata ɗin awa ba, man gas ɗin da take ci bai kai rabin lita ba. A tare tayoyi, a duba ɗakin ya zauna daidai don kada ƙwai ya gangara gefe ɗaya, a kafa raga, a cika ruwa, a buɗe ƙofa.

A watan Agusta ba ma sauka fadama ko kusa. Tana da tayoyin ƙarfe na shiga laka, amma su injin za su fitar, ba akurkin ba, shi zai nutse har aksul. Don haka na tsara zagayen yadda damina za ta same mu a tudu kan marmara, bayan girbi mu bi gonar masara, sai rani ya yi nisa mu gangara inda sauran ɗanyar ciyawa take. Idan aka kwana ana ruwa, mukan ƙara wa kajin kwana ɗaya a wurin har ƙasa ta tsane.

Sauran lokacin ba a zaune take ba, kuma wannan ne ya sa kuɗinta bai zame wa kajin kaya ba. Da ƙaramar tirela tana ɗebo ruwa da buhunan abinci daga bakin titi, abin da a da sai na biya kurkura. Da rani muna cire bel mu ɗaura a famfo mu yi ban-ruwan albasa da tumatir a fadama. Farkon damina kuma a mayar mata da wuƙaƙenta ta kafce wurin da kaji suka bari kafin a shuka masara. Duk ranar da ta fita waje ta dawo, sai an wanke tayoyinta an fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ta shiga wajen kaji.

Zan ƙara kaji baɗi in Allah ya yarda, kuma mun riga mun yi magana da mai walda cewa ba za a ƙara wa wannan akurkin tsawo ba. Na biyu za a yi, ƙarami, na kaji 100, da bututun ƙarfe mara nauyi maimakon ƙarfen kwana, faɗin tayoyinsa kunya uku tun daga farko, maɗaurinsa kuma iri ɗaya da na wannan don inji ɗaya ya ja su bi da bi a safiya guda. Na kuma ce ya yi masa wurin zura sandar amalanke, saboda idan injin ya kwanta jiran kayan gyara daga Kano, Baffa ya ce zai riƙa turo mini shanun.